Darasin lissafi na yamma a Tahoua: wata biyu a kan lamba ɗaya, 33,550,336

A garin Tahoua, da zarar an shiga zangon karatu na biyu, iyayen ɗaliban ajin ƙarshe na lise sukan shiga neman malamin da zai ƙara wa yaransu darasi da yamma, domin jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, ba ta da sassauci ga wanda ya zaɓi sashen C, inda lissafi ke da nauyi fiye da kowane fanni. Masu ba da irin wannan darasi suna da yawa, kuma mafi yawansu hanya ɗaya suke bi, wato su tara tambayoyin jarrabawar shekarun baya, su warware su a allo, yara su kwafa. Wannan sharhi a kan wani malami ne da ya bi wata hanya dabam a ɓangaren ilimin lambobi, wanda ya ƙunshi rabuwa, ragowar rabo da lambobi gagara-rabo. 'Yar ƙanwata tana cikin ɗalibansa, ni ne mai biyan kuɗin, kuma da yake malamin ba ya hana iyaye zama a bencin baya, na halarci darussan har na ga abin da zan iya yanke hukunci a kansa. Hukuncina shi ne darasin ya cancanci kuɗinsa, amma ba kowane ɗalibi zai amfana da shi ba.

Ana yin karatun ne a wani ɗaki da ke zauren gidan malamin, bayan sallar la'asar zuwa gab da magariba, kwana biyu a mako, a kan jika biyar a wata ga kowane ɗalibi. Ɗakin yana da benci, allo baƙi mai faɗi da fanka ɗaya. Babu wani abin a zo a gani a cikinsa sai lambar da aka rubuta da farin fenti a saman allon don kada a goge ta, wato 33,550,336. Malamin ya shaida wa ɗalibai tun farko cewa duk abin da manhaja ta tanada a wannan babi za su same shi ta hanyar yi wa wannan lamba tambayoyi, kuma ba zai ba su wata ƙa'ida ba sai lambar ta tilasta musu neman ta.

Tambaya ta farko mai sauƙi ce: cika ce ko mara? Tunda ta ƙare da 6, cika ce, sai aka raba ta biyu aka sami 16,775,168, aka sake rabawa aka sami 8,387,584, aka ci gaba a haka, da hannu, domin ya hana a taɓa kalkuleta a wannan mataki. Ɗalibai suka gangaro ta 1,048,448, suka wuce 65,528 da 16,382, har suka tsaya a kan 8,191 bayan rabawa sau 12, inda ta zama mara, hanya ta toshe. Ke nan lambar ita ce 4,096 sau 8,191, kuma 4,096 ba komai ba ce face 2 da aka ninka da kanta har sau 12. A nan ne aikin ya fara daɗi, domin dole a san ko 8,191 za ta ƙara rabuwa ko kuwa gagara-rabo ce, wato lambar da babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta.

Wani yaro ya ce a gwada raba ta da kowace lamba har a kai 8,190. Malamin bai ce masa ya yi kuskure ba, sai dai ya tambaye shi ko mahaifiyarsa ta san a nan zai kwana. Da aka gama dariya, ya ja su a hankali har suka gano da kansu cewa idan lamba tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin masu raba ta biyu ya kasance bai wuce tushenta ba, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita, kuma tunda 91 sau 91 ya ba da 8,281, wanda ya zarce 8,191, babu buƙatar a wuce 90. A tsakanin 2 da 90 kuwa lambobi gagara-rabo 24 ne kawai, na ƙarshensu 89. Daga gwaji sama da dubu takwas an dawo 24, kuma yawancin malamai a nan za su tsaya, su ce a yi rabon a gida.

Shi bai tsaya ba, kuma wannan darasi na gaba shi ne ya fi burge ni a duk abin da na gani. Ya nuna musu cewa 8,191 ita ce 2 da aka ninka da kanta sau 13 aka cire 1, sannan ya kawo ƙaramar ƙa'idar Fermat, wadda masanin nan na Faransa ya bayyana a 1640, ya yi amfani da ita ya tabbatar cewa duk lamba gagara-rabo da za ta raba irin wannan lamba dole ta kasance ninkin 26 da ƙarin 1. Ɗalibai suka jera su: 27, 53, 79, sai 105 wadda ta wuce iyakar 90. Ita 27 tana rabuwa da 3, saboda haka an fitar da ita, saura 53 da 79. 'Yar ƙanwata aka kira allo ta yi na farko, ta sami 154 da ragowar 29. Wani ya yi na biyu, ya sami 103 da ragowar 54. Rabo biyu kacal suka isa a tabbatar cewa 8,191 gagara-rabo ce. Na duba fuskokin yaran a lokacin, kuma ina ganin ranar ce suka fahimci cewa ƙa'idar lissafi kayan aiki ce mai rage wahala, domin sun riga sun ɗanɗani wahalar kafin a ba su ita. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, me ya sa ba ka faɗa mana wannan tun farko ba?” Ya amsa da cewa, “Da na faɗa miki tun farko, 'yata, da yanzu kin manta.”

Bayan an san sassan da suka gina lambar, sai aka juya ga masu raba ta. Kowane mai raba ta daidai ko dai yana cikin jerin 1, 2, 4, 8 har zuwa 4,096, waɗanda su 13 ne, ko kuwa ɗaya daga cikinsu ne aka ninka da 8,191, wanda ya ba da wasu 13, jimilla 26.  Malamin ya sa aka tara su. Jerin farko ya ba da 8,191 cif, kuma idan aka haɗa duka 26 ɗin ana samun 8,191 sau 8,192, wato 67,100,672, wanda shi ne ninki biyu na lambar da ke saman allo. Idan aka cire ita kanta daga lissafin, abin da ya rage shi ne 33,550,336 ba ƙari ba ragi. Irin wannan lamba, wadda jimillar masu raba ta ke dawo da ita daidai, ita ake kira cikakkiyar lamba, kuma wannan ita ce ta biyar a jerinsu, bayan 6, 28, 496 da 8,128.

Don ya kusanto da ma'anar ga yaran da yawancinsu sun yi makarantar allo da ta islamiyya, ya kawo misali daga rabon gado. Idan mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji, da uwa, da ɗan'uwa guda wanda suke uwa ɗaya, miji yana da rabi, uwa tana da sulusi, ɗan'uwan yana da sudusi. Asalin mas'alar daga 6 ne, miji ya ɗauki 3, uwa 2, ɗan'uwa 1, dukiya ta ƙare daidai babu rara babu giɓi. To 1, 2 da 3 su ne masu raba 6, kuma abin da ya sa mas'alar ta tashi daidai shi ne abin da ya sa 6 ta zama cikakkiya. Daga nan rabe-raben suka fito da kansu: lambar da jimillar masu raba ta ta zarce ta, kamar 12, mai rara ce, wadda jimillar ba ta kai ta ba, kamar 8 ko kowace gagara-rabo, mai giɓi ce, cikakkiya kuma tana tsakiya. Wannan rabe-rabe uku tsoho ne, yana cikin littafin Nikomakus, masanin da ya rayu wajen shekara ta 100 miladiyya, wanda Sabit bin Ƙurra ya fassara zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9.

Malamin yana son tarihi, kuma a nan ya yi amfani da shi yadda ya dace. Ya rubuta cikakkun lambobi huɗu na farko, ya ce yara su faɗi abin da suka lura da shi. Nan take suka ce ta farko alƙalami ɗaya gare ta, ta biyu biyu, ta uku uku, ta huɗu huɗu, kuma ƙarshensu yana karɓa-karɓa tsakanin 6 da 8. Ya ce madalla, haka magabata ma suka zata, kuma zaton ya daɗe yana yawo a littattafai. Sai ya nuna saman allo. Ta biyar ba alƙaluma biyar gare ta ba, takwas ne. Ta shida kuma, 8,589,869,056, da 6 ta ƙare kamar ta biyar, karɓa-karɓar ta rushe. Misali huɗu ba hujja ba ne, kuma ban taɓa ganin an koya wa yara wannan da hanya mafi shiga rai ba. Dalilin wannan dogon tsalle daga 8,128 zuwa miliyan 33 shi ma an bi shi dalla-dalla. Tun kimanin shekara 300 kafin miladiyya Iƙlidis, masanin lissafi na Girka, ya tabbatar cewa idan aka tara 1, 2, 4, 8 da sauransu har jimillar ta zama gagara-rabo, aka ninka jimillar da lambar ƙarshe, za a sami cikakkiyar lamba. Jimillar tana zama gagara-rabo a 3, 7, 31 da 127, kuma ana sa ran ta gaba ita ce 2,047, wato 2 da aka ninka da kanta sau 11 aka cire 1, amma 2,047 ita ce 23 sau 89, saboda haka sai an kai 8,191 kafin a sake dacewa. Wani ɗalibi mai kaifin basira ya lura cewa 23 da 89 duka ninkin 22 ne da ƙarin 1, wato ƙa'idar da suka yi aiki da ita a makon baya ce ta sake bayyana, kuma malamin ya yi murna da wannan fiye da yadda yake murna da maki mai yawa. Ya kuma ambata cewa Isma'il bin Fallus, masanin ƙarni na 13, ya rubuta wannan lamba ta biyar a cikin jerinsa, ko da yake jerin ya haɗa da wasu lambobin da ba cikakku ba, kuma ba ta bayyana a rubutun Turai ba sai a tsakiyar ƙarni na 15.

Sauran siffofin lambar an bi su da sauri, kuma haka ya kamata. An jera marafan kwalba a ƙasa aka nuna cewa 6 da 28 suna yin alwatika, sannan aka tabbatar cewa 33,550,336 ita ce jimillar dukkan lambobi daga 1 zuwa 8,191. Ita ce kuma jimillar lambobi mara 64 na farko, daga 1 zuwa 127, idan aka ninka kowacce da kanta sau uku. A rubutun kwamfuta mai amfani da 0 da 1 kawai, siffarta ita ce 1 guda 13 a jere sai 0 guda 12. Jimillar alƙalumanta 28 ce, wadda in aka sake tarawa ta ba da 10, sannan 1, kuma ta nan aka shiga babin ragowar rabo, inda yara suka nuna cewa tunda 64 tana barin ragowar 1 idan aka raba ta da 9, dole 4,096 da 8,191 su ma su bar 1, haka ma abin da suka haifa.

Aikin gida mafi kyau da ya bayar shi ne binciken maƙwabtan lambar biyu. Ta ƙasa, 33,550,335, ta rabu zuwa 4,095 sau 8,193, kuma da aka ƙara wargaza ta sai ga 27, 5, 7, 13 da 2,731. Da yake 27 sau 5 sau 7 shi ne 945, wadda ita ce mafi ƙanƙantar lamba mara mai rara, kuma duk ninkin mai rara shi ma mai rara ne, maƙwabciyar ƙasa mai rara ce. Ta sama kuwa, 33,550,337, gagara-rabo ce, saboda haka giɓinta ya kai matuƙa, domin banda ita kanta 1 kaɗai ke raba ta. Lambobi uku a jere, kowacce tana wani rukuni dabam. A wannan karon ya bari a yi amfani da kalkuleta da waya, domin tushen lambar ya kusa 5,800 kuma babu mai yin wannan gwaji da alli. Yara da dama sun dawo suna cewa kalkuletarsu ta mayar musu da lambar yadda take ba tare da ta yanke hukunci ba, sai ya bayyana musu cewa irin waɗannan na'urori sukan gwada ƙananan masu rabo ne kawai su tsaya, kuma shirun na'ura ba shaida ba ce.

A darasin rufe babin ya kai su bakin iyakar abin da aka sani. Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, ya tabbatar a ƙarni na 18 cewa kowace cikakkiyar lamba cika tana bin tsarin Iƙlidis, ke nan neman su daidai yake da neman lambobi gagara-rabo irin na Mersenne, wato irin su 8,191. A watan Oktoba na 2024 aka gano na 52 a cikinsu, 2 da aka ninka da kanta sau 136,279,841 aka cire 1, mai alƙaluma 41,024,320. Amma har yau babu wanda ya san ko jerin yana da ƙarshe, kuma babu wanda ya ga cikakkiyar lamba mara ko ya tabbatar cewa babu ita. Yara sun yi mamakin jin cewa tambayar da ɗan firamare zai iya fahimta ta gagari masana sama da shekara dubu biyu.

To sai dai akwai abubuwan da duk mai niyyar biyan kuɗinsa ya kamata ya sani. Na farko kuma mafi girma, wata biyu a kan babi ɗaya tsada ce ga ɗalibin da jarrabawa ke jira a ƙarshen shekara. Ilimin lambobi yanki ne kawai na manhajar ajin ƙarshe, kuma sauran babobin, waɗanda suka fi ɗaukar maki a takardar jarrabawa, ba su sami irin wannan kulawa ba. Da na tambaye shi, ya ce yaron da ya iya kafa hujja a nan zai iya kafa ta ko'ina. Akwai gaskiya a maganar, amma mai gyaran takardar bak yana son ya ga amsa a tsarin da ya saba da shi, cikin lokacin da aka ƙayyade, kuma wannan sai da maimaita tambayoyin shekarun baya, abin da malamin ke yi jefi-jefi kamar wanda aka tilasta wa. Na biyu, yana tafiya ne da gudun waɗanda ke gaba. Ɗaliban da ke bencin farko suna tashi sama, amma na ga wasu a baya waɗanda tun ranar ƙa'idar Fermat aka bar su a hanya, suna kwafa ba tare da sun san inda aka dosa ba, kuma shi ba mai waiwaye ba ne. Yaron da rabon dogon lissafi ke ba shi wahala, ko wanda Faransancinsa bai nuna ba, zai sha wuya, ko da yake malamin yakan juya zuwa Hausa idan ya ga ido ya raina fata.

Tarihin ma wani lokaci yakan yi masa yawa. Ranar da ya shiga labarin Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan hatimin lambobi a 1732 kuma ya rasu a Alƙahira a 1741, labarin ya yi daɗi, kuma yana da kyau yaran ƙasar Hausa su san cewa nasu ma sun taɓa wannan fanni, amma ya cinye kusan rabin lokacin, aikin gidan da aka bayar kuwa ba a gyara shi ba sai mako na gaba. Babu takardar darasi da ake rabawa, hoton allo ne ake turawa ta WhatsApp, kuma sau da yawa hasken ɗakin ba ya barin a karanta ƙananan alƙaluma, alhali a wannan babi alƙalami ɗaya in ya ɓace komai ya ɓaci. Idan aka ɗauke wuta a watannin zafi, ɗakin ba ya zaunuwa, sai a fito da benci waje a yi da ƙaramin allo. Yakan kuma zarce lokaci har a kira magariba, wanda ya sa iyayen 'yan mata da ke nesa dole su tanadi mai ɗauko su ko kuɗin kabu-kabu.

Ga ɗalibin sashen C da ke da ƙarfi a lissafi, musamman mai burin ci gaba da shi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko wata makarantar injiniyoyi, ban san wani wuri a garin nan da jika biyar za ta sayo masa abin da ya kai wannan ba, kuma na ga bambancin a kayen 'yar ƙanwata, inda yanzu take rubuta dalilin kowane mataki kafin ta wuce zuwa na gaba. Ga wanda burinsa shi ne ya tsallake jarrabawa kawai, ko wanda tushensa ke da rauni, gara a nema masa mai maimaita tambayoyin baya tukuna. Wanda ya yanke shawarar zuwa, ya sa yaronsa tun farkon babin, domin malamin ba ya komawa baya saboda sabon zuwa, kuma ya haɗa masa da wani tsari na bitar sauran manhajar a gida. An ce a zango mai zuwa zai goge fentin ya rubuta 4,294,967,297, lambar da Fermat ya zaci gagara-rabo ce har Euler ya nuna a 1732 cewa 641 tana raba ta, kuma yana karɓar sababbin ɗalibai ne a makon farko na wata kawai.